Wankin bindigar toka a wurin wani maƙeri na tsohon garin Sakkwato

A Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da ita har yanzu akwai gidaje masu yawa da ake samun bindigar toka a jingine a kusurwar ɗaki ko a rataye a bangon zaure. Wasu na maharba ne, wasu na 'yan bindiga ne da ke fita ranar Sallah ko ranar naɗin sarauta su cika gari da ƙara da hayaƙi, wasu kuwa gado ne da aka karɓa daga kakanni ba tare da an karɓi sanin yadda ake kula da shi ba. Mafi yawan waɗannan bindigogi rashin wanki ne yake lalata su tun kafin yawan harbi ya kai ga yi musu illa, domin mai bindiga yakan goge bayanta har ta yi ƙyalli, alhali kuwa tsatsa tana can tana cin cikin bututu inda ido ba ya kaiwa. Wannan rubutu bita ne na aikin wani dattijon maƙeri da ke cikin tsohon gari, ba nisa da Maƙera Assada, wanda ya shahara a wurin maharba da wanki da gyaran bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ba zan ambaci sunansa ba, domin bai nemi talla ba, kuma duk wanda yake cikin wannan harka zai gane shi daga bayanin aikinsa.

Bindigogi biyu na gidanmu na kai masa. Ɗaya ƙirar gida ce, mai santsin ciki, wadda ake harbawa lokacin bukukuwa da albarushi kaɗai ba tare da harsashi ba. Ɗayar kuma tsohuwa ce ƙirar Turai, irin mai 'yar hular tagulla da ake ɗorawa a gindin bututu domin ta kunna wuta, kuma cikin bututunta akwai layuka masu murɗewa waɗanda ke sa harsashi ya juya idan ya fita, ya tafi a miƙe. Bambancin nan yana da muhimmanci ga mai wanki, domin dauɗar albarushi tana maƙalewa a cikin waɗannan layuka fiye da yadda take maƙalewa a bututu mai santsi, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya goge layukan gaba ɗaya da sunan kankare tsatsa.

Abin da ya fara nema, tun kafin ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu, shi ne takarda da kuma bayanin wanda ya turo ni. Wasu za su ga wannan a matsayin tsaurin ido, amma ni na ɗauke shi a matsayin alama ta farko cewa na zo wurin da ya dace. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku, ta sanya waɗanda ake ɗurawa ta baki a kashi na uku, inda ta ambaci bindigar toka da mai dutsen ƙyastu da mai hula, ta kuma ɗora sha'anin lasisinsu a kan hukumar 'yan sanda ta jiha, haka nan ƙira da gyara ba a yin su sai da izini. Idan aka haɗa wannan da halin rashin tsaro da gabashin jihar yake ciki, a wurare irin su Isa da Sabon Birni da Rabah, babu maƙeri mai hankali da zai karɓi makami daga hannun baƙon da bai san asalinsa ba. Na ga ya sallami wani matashi da ya zo da bindiga a naɗe cikin buhu bai iya faɗin ko ta wane ne ba, kuma ya yi hakan cikin ladabi, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi burge ni a dukan aikinsa. Ko mai bindiga ya rantse cewa babu komai a cikinta, dattijon ba ya karɓar maganar sai ya auna da kansa. Yakan juya bakin bindigar zuwa bangon ƙasa mai kauri da ke bayan rumfarsa, ya zura sandar ɗuri har ta tsaya, ya sa alama da yatsa daidai bakin bututu, sannan ya zaro ta ya shimfiɗa ta a bayan bututun daga waje domin ya ga ko ta kai har ƙurya. Idan ta gaza kaiwa da faɗin yatsa biyu ko uku, to akwai abin da ke kwance a ciki, ko albarushi ne, ko harsashi, ko gidan zanzaro. Bindigar da ake ɗurawa ta baya ana buɗe ta a leƙa, amma wannan iri ba ta da ƙofar da ake buɗewa, shi ya sa mantuwa take yawan aukuwa a kanta ko a hannun sojojin da aka horar. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863, a lokacin yaƙin basasar Amurka, an tsinci bindigogi fiye da 27,000 a fagen fama, kimanin 24,000 daga cikinsu da ɗuri a ciki, kuma kusan rabin waɗannan an ɗura musu fiye da sau ɗaya ba tare da an harba ba. Idan soja yana iya ɗura wa bindiga ɗuri a kan ɗuri cikin ruɗewa, babu mamaki magidanci ya manta abin da ya zuba a bindigarsa tun Sallar bara.

Ina zaune a rumfar tasa sai wani maharbi daga wajen Kware ya kawo bindigar da ta ƙi tashi, awon ya nuna akwai ɗuri a ciki, na kuma ga yadda aka fitar da shi. Dattijon ya cire hular, ya tsiyaya ruwa ta bakin bututu da kuma ta ƙaramar kafar wuta da ke gindi, ya bar ta a jingine har albarushin ya jiƙe sharkaf, sannan ya sa sanda mai murɗaɗɗen ƙarfe a kai ya kama harsashin dalmar ya zaro shi a hankali, fuskarsa da ƙirjinsa a kauce daga bakin bindigar. Ya shaida mini cewa babban abin da ke raunata maƙera a wannan sana'a shi ne kai gindin bututu kusa da wuta domin a sassauta kusar da ta cije, alhali akwai tsohon albarushi a ciki. Maganarsa gaskiya ce, domin baƙin albarushi ba ya mutuwa da tsufa matuƙar bai jiƙe ba, kuma wanda ya shekara hamsin a bututu yana iya tashi daidai da na jiya.

Shi wankin bututun da ruwan zafi yake yin sa, abin da ke ba mutane da yawa mamaki, tun da kowa ya taso da sanin cewa ruwa maƙiyin ƙarfe ne. Dalilin yana cikin albarushin. Ana haɗa baƙin albarushi daga gawayi da farar wuta da wani gishirin potasiyam, kuma idan ya ƙone ba ya zama hayaƙi dukansa, fiye da rabin nauyinsa yana zama toka da dauɗa, wani ya fita da hayaƙi, wani ya manne a bangon bututu. Wannan dauɗa gishiri-gishiri ce, tana jan laima daga iska, kuma da zarar ta jiƙe sai ta fara cin ƙarfe ta bar ƙananan ramuka waɗanda ba sa cikowa har abada. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne yake narkar da shi. Saboda haka wanda ya yi harbi ya dawo gida ya tsiyaya mai a bututu bai cire dauɗar ba, lulluɓe ta kawai ya yi, kuma tana ci gaba da aikinta a ƙarƙashin man. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bushewar iskar Sakkwato takan rufa wa mai sakaci asiri na ɗan lokaci, amma daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da damina ta zauna, kwana ɗaya ko biyu sun isa jan tsatsa ya bayyana a bututun da ba a wanke ba.

Ga yadda na ga yana yi. Yana raba bututu da ƙota tukuna, domin kada ruwa ya shiga icen, ya cire ɗan hancin da ake ɗora hula a kai idan mai zare ne, ya tsoma gindin bututun a cikin kwano mai ruwan zafi da ɗan sabulun salo kaɗan. Daga nan sai ya naɗa tsumman auduga a kan sanda daidai faɗin bututu, ya zura ya riƙa ja yana turawa, ta yadda ruwan zai riƙa shigowa ta kafar wuta idan ya ja, ya fita da ƙarfi idan ya tura. Ruwan farko yakan fito baƙi ƙirin da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda farar wutar ce ke jawo shi. Yana zubar da shi ya sake wani, ya ci gaba da haka har sai ruwan ya fito garau kuma tsumman ya daina ɗauko baƙi. Ɗaurayar ƙarshe da tafasasshen ruwa zalla yake yi, ba sabulu, domin ƙarfen ya yi zafi ya busar da kansa, sannan ya bi da busassun tsummoki nan take, ba ya bari a ja shi da hira a wannan gaɓa, domin ƙarfe mai zafi da ɗanshi yana fara yin ja cikin 'yan mintoci. Na lura cewa a kan bindigar Turai bai yi amfani da burushin ƙarfe ba, sai wani mai gashin tagulla wanda ya fi ƙarfen bututun laushi, kuma yana barin sandar ta juya da kanta tana bin layukan maimakon ya danne ta ta tafi a miƙe. Ya kuma kare bakin bututun da yatsunsa domin kada sandar ta riƙa gogar gefe, tun da lalacewar baki ita ce ke fara ɓata saiti.

Batun mai shi ne inda ya fi tsayawa a kan ra'ayinsa, kuma na yarda da shi a mafi yawansa. Ba ya yarda a sa baƙin mai na injin a cikin bututu, duk da cewa shi ne abin da ya fi sauƙin samu a wurin kowane bakanike, domin man da aka samo daga fetur idan ya haɗu da dauɗar baƙin albarushi da zafin harbi yakan daskare ya zama wani abu mai danƙo da wuyar fita. Haka nan ba ya son man gyaɗa, wanda ke yin kauri da yami idan ya daɗe, ba ya kuma son duk wani kitse da gishiri ya taɓa. Abin da yake amfani da shi haɗi ne na kitsen rago da aka narke aka tace da kakin zuma, yana shafawa kaɗan a tsumma tun bututun yana da ɗumi domin ya shiga ko'ina, kuma a lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, yana ƙara kakin saboda kada haɗin ya narke ya gangara. Wannan haɗi daɗaɗɗe ne a duk inda aka yi amfani da irin waɗannan bindigogi. Ba ƙaramin abu ba ne kuma a gari irin Sakkwato mutum ya san da wane kitse aka shafe makaminsa, kuma tarihi ya nuna nauyin wannan tambaya: boren da sojojin Indiya suka yi wa Ingilishi a 1857 ya samo wutarsa ta farko ne daga labarin da ya bazu cewa an shafe takardun harsashin sabuwar bindigar Enfield, waɗanda soja yake yagewa da haƙori, da kitsen shanu da na alade. A nan babu wannan damuwa, domin a gaban idonka yake buɗe gwangwanin, kuma daga mahautan gari yake sayen kitsen. Inda na ɗan saɓa da shi shi ne kan kunama da sauran ƙananan ƙarafan da ke motsi, waɗanda a ganina ɗigon man keken ɗinki ya fi dacewa da su, tun da wutar albarushi ba ta shiga cikinsu, kitse kuma yana kama ƙurar hunturu. Da na faɗa masa haka bai yi gardama ba, ya yi mini yadda na nema.

Da ya gama wanke bindigar Turai, wasu alamomi suka bayyana a gindin bututu waɗanda dauɗa ta rufe shekaru da yawa, wato tambarin sanduna biyu a gicciye da kambi a samansu. Wannan tambarin gidan gwajin bindigogi ne na birnin Birmingham a Ingila, wanda aka kafa a 1813, inda ake ɗura wa kowane bututu fiye da kima a harba, wanda ya jure a buga masa hatimi. Birmingham da Liège ta Beljiyam su ne manyan garuruwan da suka ƙera bindigogin fatauci da aka riƙa kawowa Afirka ta Yamma, kuma tun kafin su fataken Denmak da sauran Turawa sun daɗe suna sauke bindigogi masu dutsen ƙyastu a gaɓar tekun ƙasar da ake kira Ghana a yau. Irin mai hula ta biyo baya ne, bayan wani limamin coci ɗan Scotland mai suna Alexander Forsyth ya yi rajistar dabarar kunna albarushi da bugu a 1807. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani yankin Afirka da ya haɗa da ƙasar Hausa, ta bar ƙofa a buɗe ga masu ƙyastu marasa layi da albarushin fatauci kaɗai, abin da ya taimaka wajen tazarar makamai da aka gani a Giginya ranar 15 ga Maris 1903, lokacin da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta fuskanci bindigogin Turawan Ingila masu sarrafa kansu. Na kawo wannan ne domin mai irin wannan bindiga ya san cewa ƙananan tambura da ke jikinta su ne shaidar asalinta, kuma magagari ko samfefa suna iya shafe su cikin minti ɗaya. Dattijon ya san darajarsu, ya kewaye su da tsumma da kitse kawai.

Aikinsa a kan kunama ma mai kyau ne. Ya kwance ta gaba ɗaya, ya jera ƙarafan a kan faifai yadda ba za su ɓace ba, ya nuna mini inda haƙorin da ke riƙe kan kunama ya cinye har ta kai tana iya faɗawa da kanta idan gindin bindigar ya bugi ƙasa. Ya gyara haƙorin da ƙaramin magagari, ya sake ba shi tauri a wuta, ya mayar, sannan ya ɗana ta ya buga gindin a ƙasa a gabana sau da yawa, babu ɗuri a ciki, domin in ga ba ta faɗuwa. Ya ƙera sabuwar kusa ɗaya a madadin wadda zarenta ya mutu. Ƙotar kuwa, bayan ya duba ko gara ta shige ta, ya shafe ta da man kaɗanya kaɗan ya goge da tafin hannu.

Hukuncin da ya yanke wa bindigar gida bai yi mini daɗi ba, amma shi ne ya sa nake ba da shawarar a je wurinsa. Bayan wanki ya haska fitila ta kafar wuta ya leƙa ta baki, ya bi bayan bututun da yatsa, ya tsaya a wani wuri kusa da gindi inda ƙarfen ya ɗan kumbura, sannan ya nuna mini wani siririn layi da ya bi tsawon bututun. Bindigogin gida da yawa da bututun famfo ake yin su, wanda asalinsa fallen ƙarfe ne da aka naɗe aka haɗe bakinsa, kuma wannan mahaɗa ita ce ke fara buɗewa idan tsatsa ta ci ta daga ciki. Na ce masa, "Baba, ko walda ba za ta riƙe ta ba?" Ya girgiza kai ya ce, "Malam, wagga ta gama aikinta. Ka rataye ta a zaure yara su gani, amma kada kowa ya sake ɗura mata." Da ya so, da ya yi waldar ya karɓi kuɗinsa, babu yadda zan gane, kuma na san akwai masu yin haka. Ya toshe kafar wutar da izinina domin kada wani yaro ya gwada ta wata rana. Ya ƙara da gargaɗin da ya ce yana yi wa kowa, cewa kada a kuskura a farke harsashin bindigar zamani a zuba garinsa a bindigar toka. Wannan gari, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, yana haifar da matsi mai ƙarfin da ya zarce abin da aka ƙera waɗannan bututu su ɗauka, kuma yana iya tarwatsa gindin bindiga a fuskar mai harbi ko da kaɗan aka zuba.

Akwai kuma abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na farko shi ne jinkiri. Ranar da ya sa mini ta wuce, wata ma ta wuce, kuma ba ya riƙe waya a lokacin aiki, sai dai mutum ya yi ta zarya. Wanda ya kai bindiga ana saura mako guda Sallah, lokacin da 'yan bindiga suka cika rumfar, kada ya sa rai zai karɓe ta kafin hawa. Na biyu, ba ya ba da rasit ko wata shaida a rubuce cewa ya karɓi kayanka, komai a ka yake riƙewa, kuma ko da yake ban ji labarin ya taɓa musanya wa wani ba, makami ba kaya ne da ya kamata a bari a hannun wani ba tare da takarda ba, musamman idan jami'an tsaro suka zo tambaya. Na uku, ɗaya daga cikin yaransa ya bi adon tagullar da ke ƙotar bindigar Turai da samfefa kafin maigidan ya ankara, ya mayar da shi fari fat, ya kuma rage zurfin zanen da ke kansa. Dattijon ya yi masa faɗa ya ba ni haƙuri, amma abin da ya goge ya riga ya goge, don haka mai bindigar gado ya faɗa a gaban maigida da yara cewa wanki yake so, ba ƙyalli ba.

Na huɗu ya fi sauran nauyi. A gefen rumfar ake narkar da dalma a cikin tsohon gwangwani, hayaƙinta yana bin inda almajiran sana'ar suke zaune, kuma na ga wani ƙaramin yaro ya taɓa gutsattsarinta sannan ya sa hannu a kwanon abinci bai wanke ba. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar dalma, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Adadin da ke rumfar maƙeri bai kai wancan ba, amma dalma tana taruwa ne a jiki a hankali, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi saurin cutuwa da ita. Na yi masa maganar cikin girmamawa, ya saurara, ya ce zai mayar da narkarwar bayan gida. Dole in yaba masa a kan cewa ba ya ajiye albarushi a rumfar ko kaɗan, ba ya kuma sayar da shi, abin da ya dace da wurin da zuga-zugi ke aiki tun safe har yamma.

Kuɗin aikinsa ba shi da tsada idan aka dubi lokacin da yake ɗauka. Yana raba farashi uku, na wanki kaɗai, na wanki da gyaran kunama, da na ƙera sabon ƙarfe, kuma yana faɗin kuɗin bayan ya duba bindigar, kafin ya fara aiki, ba ya ƙarawa daga baya. Bai karɓi komai a kan duba bindigar gida da toshe ta ba, sai kuɗin wankinta.

Kafin ya miƙo mini su ya yi bayanin ajiya, wanda a ganina rabin amfanin zuwa wurinsa ke nan. Ya ce a wanke bindiga a ranar da aka harba ta, ko da harbi ɗaya ne, ko da babu harsashi, kada a bari ta kwana. A jingine ta baki a ƙasa a kan tsumma na kwana ɗaya ko biyu bayan an shafa mata kitse, domin rarar ta gangaro waje maimakon ta taru a gindi ta toshe kafar wuta ko ta jiƙa ice. Kafin a sake ɗura mata a goge cikin da busasshen tsumma, a kuma tabbatar kafar wuta a buɗe take. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, a ci gaba da riƙe bakinta zuwa inda babu kowa na tsawon lokaci, domin wuta takan yi jinkiri a albarushin da ya sha laima. Abin da ban taɓa ji ba sai a wurinsa shi ne gargaɗi kan kube na fata. Dukawan Sakkwato suna ɗinka kyawawan gidajen bindiga da fatar jar akuya da aka jeme da bagaruwa, kuma suna da amfani a tafiya, amma fata tana riƙe laima, sinadarin jima kuma yana baƙanta ƙarfe idan suka daɗe a manne, saboda haka a cire bindiga daga kube idan an iso gida, a rataye ta nesa da bangon da ke tsattsafo da damina, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Na bi wannan tsari, na kuma jira damina ta wuce kafin in rubuta wannan bita, domin wanki ba a gane ingancinsa ranar da aka karɓo kaya. Da kaka ta shigo na zura farin tsumma a bututun bindigar Turai, ya fito da kitse kaɗai, babu ja babu baƙi, layukan ciki kuma suna nan da kaifinsu, kunama tana ɗanuwa tana riƙewa yadda ya bar ta. Sabuwar kusar da ya ƙera ce kawai ta ɗan sassauta bayan icen ya sha laima ya sake bushewa, na mayar masa da ita, ya ɗaure ta a tsaye bai karɓi ko sisi ba.